Lehengar autarmu, da yadda na yi odar ta har sau biyu

Ko goron sa rana bai gama zagaya dangi ba autarmu ta turo min hoto a waya. Wata 'yar fim ɗin Indiya ce tsaye a bakin matakala, cikin wani buɗaɗɗen siket ja mai aikin ruwan zinare, mayafinta ya zubo har ƙasa. A ƙarƙashin hoton ta rubuta: "Yaya, wannan zan sa ranar kamu. Ke na ɗora wa."

Ban yi mamaki ba. Mu da muka tashi a Kano zamanin kaset ɗin bidiyo, mun haddace waƙoƙin Indiya tun ba mu gama haddace jadawalin lissafi ba. Mun san sari, mun san lehenga, wato irin buɗaɗɗen siket ɗin da ke hoton nan, mun san doguwar rigar nan mai baza ƙasa da suke kira anarkali. Har na ɗauka ni gwana ce a harkar. Ashe duk ilimin nawa na kallo ne, ban taɓa riƙe sarin gaske a hannuna ba.

Da farko na ce mu shiga Kwari, ko shagunan masu kawo kaya daga Dubai, ai ba a rasa na Indiya. Muka zaga yini guda. Wanda ya kwanta mata a rai, mai shagon da bakinsa ya yi mana alfaharin cewa amare uku sun saya a bana. Nan take ta ajiye. Wanda ya san amaryar zamani ya san maganar ta mutu ke nan. Muna cikin adaidaita sahu a hanyar gida ta ce, "Yaya, ba kin iya oda a intanet ba?" Na iya odar takalmin yara daga Legas, shi ke nan iyawata. Amma na ce mata ta bar komai a hannuna. Farkon watan Satumba na 2024 ne, biki kuma ƙarshen Disamba.

Da daddare na rubuta kalmar lehenga a waya. Kamar an buɗe madatsar ruwa. Daga ranar duk inda na shiga, Instagram ko Facebook, tallar kayan Indiya ce ke bina. A kwana na uku sai ga ainihin hoton da Auta ta turo min, 'yar fim ɗin nan a bakin matakalarta, a wani shafi, an sa masa rupi 2,999. Lokacin rupi ɗaya ya kusa naira ashirin, kuɗin kayan bai ma kai dubu sittin ba. Na tashi maigidan daga barci na nuna masa. Ya dubi hoton da ido ɗaya ya ce, "Araha dai ba ta ado." Na ce ai can ake yin su, dole su yi sauƙi. Ya miƙo min katinsa na dala, don nawa na naira ya ƙi wucewa, kamar yadda na yawancin mutane suke ƙi a shafukan waje a lokacin, ya juya ya ci gaba da barcinsa.

Kuɗin jirgi ya zarce kuɗin kayan. Wannan ma bai sa na tsaya na yi tunani ba.

Bayan kwana goma sha shida ɗan aike ya kira ni. Tun daga hannunsa jikina ya yi sanyi. Ni da nake jiran kwali, sai ga ƙunshin leda wanda bai fi matashin kai ba, ba nauyi ko kaɗan. Auta ta zo da gudu daga gida, muka baje a tsakar ɗaki.

Jan dai ja ne, amma irin na tumatirin gwangwani. Yadin raga ne mai kaushi, kamar gidan sauro da aka rina. Abin da ya fito a hoto kamar zaren zinare, wani fenti ne mai ƙyalli aka buga da inji, duwatsun kuma da gam aka manna su, tun a leda wasu sun zube. Siket ɗin ba a gama ɗinka shi ba, gefe ɗaya a buɗe daga ƙugu har ƙasa. Riga kuwa babu ita sam, sai wani ƙyalle da bai kai yadi ɗaya ba, an zana wuya da hannu a jikinsa. Auta ta ɗaga ƙyallen da yatsa biyu ta ce, "Yaya, wannan na 'yar tsana ne?" Ba ta yi kuka a gabana ba, sai da ta koma gida.

Na rubuta musu saƙo mai zafi. Suka amsa cikin ladabi, suna ta kirana da girmamawa, suka turo min hoton shafinsu an ja layi a ƙarƙashin wasu ƙananan rubuce-rubuce da ban karanta ba. Duk abin da nake ƙorafi a kai yana nan a rubuce. An ce yadin raga ne. An ce hoton misali ne kawai. An ce launi zai iya ɗan bambanta. An ce kayan "semi-stitched" ne, wato ba a gama ɗinka su ba. Sannan an ce duk mai son mayar da kaya sai ya nuna bidiyon buɗe ƙunshin tun daga yanka leda, ba tare da an tsayar da ɗauka ba, kuma shi zai biya kuɗin jirgin komawa. Ni ko hoto ban ɗauka ba. Haushin da ya fi cina shi ne ba su yi min ƙarya da baki ba. Hoton ne ya yi ƙaryar, ni kuma hoton na saya.

A nan ne na tuna da 'yar yayata da ke karatun harhaɗa magunguna a kusa da Delhi, shekararta ta uku ke nan. Na kira ta ina ba ta labari, tana ta dariya har da tari. "Anti, me ya sa ba ki tambaye ni ba? Wannan hoton ai shago ɗari ne suke amfani da shi. Ainihin kayan da ke jikin matar nan kuɗin mota ne."

Ita ta zaunar da ni ta koya min karatun tallar, dare uku muna yi, don tsakaninmu da su awa huɗu da rabi ne, in na gama sallamar yara ita tsakar dare ya yi mata. Ta ce yadda 'yar Kano take shafa atamfa a Kwari ta gane Holan ce ko kwafi, haka 'yar Indiya take yi da idonta a kan kalmomi. Tunda ba hannu a intanet, kalmomin su ne hannun.

Kaya iri uku ne. Akwai wanda ba a taɓa shi da almakashi ba, yadi ne zalla. Akwai wanda aka ɗinka aka gama. Sai na tsakiya, irin wanda na saya, wanda aka haɗa sassan siket ɗin aka bar gefe ɗaya don tela ya daidaita ƙugu, rigar kuma aka bar ta a ƙyalle. Wannan shi ne ya fi yawa, kuma a wurinsu ba aibu ba ne, don kowace mace da telanta. Ƙyallen rigar yawanci santimita 80 ne zuwa mita ɗaya, saboda rigar da suke kira choli guntuwa ce, ciki a waje, hannu gajere. Mu kuwa da za a zaunar da amarya a gaban gwaggonni da dangin miji, wannan ƙyallen ko hannu biyu ba zai fitar mana ba.

Sai maganar siliki, wadda ita ce babban rami. In aka rubuta "art silk", ni na ɗauka silikin masu fasaha ake nufi. Ashe gajarta kalmar da ke nufin na jabu ce, wato zaren roba ne ko na inji da aka yi shi ya yi santsin siliki. Haka duk inda aka laƙa wa siliki wani suna mai daɗi a gaba, mai laushi ne, gauraye ne, salon gari kaza ne, to a yi hattara. Galibin irin waɗannan daga Surat suke fitowa, wani birni a jihar Gujarat da ya shahara da masaƙun inji da yadin roba. Ta ce kar na raina su, su ne suturar miliyoyin mata, kuma akwai masu kyau ƙwarai a ciki. Laifin kawai a sayar maka da shi da sunan wani abu. Na ce wannan ai mun san shi, ko a nan wadda ta sayi kwafi da saninta ba a cuce ta ba.

Silikin gaske da garuruwansa. Na Banaras, garin da ake kira Varanasi a jihar Uttar Pradesh, shi ne mai furanni da ganyaye na zaren zinare, wanda amaren arewacin ƙasar suka fi so. Na Kanchipuram a jihar Tamil Nadu ya fi kauri da nauyi, ana saƙa bakinsa da launi daban a sarƙe shi da jikin. Lucknow kuma an san ta da farin surfani mai sanyi da ake kira chikankari. Akwai na ɗaure-ɗaure da rini daga Gujarat da Rajasthan, bandhani, wanda da na gani sai da na tuna da marinar Ƙofar Mata. Zaren zinaren nan sunansa zari. Da na faɗa wa Hajiyarmu sai ta ce sunan ya dace, don zari ne ya kai ni sayen na farko. Zaren zarin ma hawa-hawa ne: na asali azurfa ce aka shafe da zinare aka naɗe a kan zaren siliki, na tsakiya jan ƙarfe ne aka shafe, na ƙasa kuwa leda ce mai ƙyalli.

'Yar yayata ta ce in nemi abu biyu. Ɗaya tambarin Silk Mark, shaidar cewa silikin na gaske ne, wanda hukumar siliki ta ƙasarsu ta ɓullo da shi a 2004, ana rataya shi a jikin kayan da lambarsa. Ɗaya kuma in sa a juya min bayan yadin a bidiyo.

Muka canza shawara gaba ɗaya. Na ce wa Auta ta manta da 'yar fim ɗin nan. Maimakon kayan da aka lafta wa duwatsu, mu nemi lehenga ta saƙar Banaras, wadda adonta a cikin saƙar yake, ba abin da zai zube. Ta yi kwana biyu tana kumbure-kumbure, sannan ta yarda. Ni kuma tunda an riga an shiga ruwa, na ce zan haɗa da sari guda nawa. Gwaggonmu da ta ji ana ta maganar sari a waya, ta ja ni gefe ta ce in dai sari zan fara yi daga Indiya to a sa da ita, tana da 'yan kuɗin adashi. Da ƙyar na fahimtar da ita zani ne, ba kasuwanci ba.

'Yar yayata ta ba ni shafukan shaguna uku na Varanasi da suke aika kaya waje. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon ba kyan hoto nake dubawa ba. Ina duba ko akwai adireshin shago na zahiri da lambar waya, ko hotunan a wuri ɗaya aka ɗauke su da mutum-mutumi iri ɗaya, alamar kayan suna hannunsu, sannan ina karanta ƙorafin masu saye kafin yabonsu. Ɗaya ya ƙi yarda da kiran bidiyo, na sallame shi. Ɗaya kuma kwana uku bai amsa ba. Na ukun ya ce in kira shi ƙarfe goma sha ɗaya na safe agogonsu. Shida da rabi ke nan a Kano. Na idar da sallar asuba na zauna a kan darduma da waya a hannu.

Wani dattijo ne da farar hula da gemu mai jan lalle. Da ya ga hijabina sai ya yi min cikakkiyar sallama. Daga baya na ji cewa yawancin masaƙan garin Musulmi ne, sana'ar gado ce a unguwanni irin su Madanpura. Turancinsa kaɗan, nawa ma ba yabo ba fallasa, sai ɗansa ya karɓi wayar, shi kuma yana warware kaya a kan wata farar katifa da ta cika shagon. A zaune suke ciniki, ba takalmi.

Na ce ja nake so. Yaron ya yi murmushi ya ce wane jan? Suka jero min guda shida. Akwai na jini, akwai mai duhu kamar zoɓo, akwai wani ruwan hoda mai ƙarfi da suke kira rani, wai sarauniya ke nan a harshensu. A ƙarƙashin fitilar shagon duk sun yi kama da juna. Na roƙe shi ya fita da su waje. Ya saɓa su a kafaɗa ya fita wani lungu siriri, babura na ta hon, wata saniya ta wuce ta bayansa ba ruwanta. A hasken rana sai ga bambanci ƙuru-ƙuru. Wanda na so a ciki ashe ruwan lemo yake ɗauka. Na zaɓi mai ruwan zoɓo.

Sannan na ce a juya min bayansa. Dattijon ya dube ni ta cikin wayar, ya ce wa ɗansa wani abu, suka yi dariya. Yaron ya ce baba ya ce wa ya koya miki? Ya juya. Na farko, bayan cike yake da guntayen zare da aka yanke, gaba ɗaya kamar gemun masara. Ya ce wannan an jefa zaren daga baki zuwa baki ne, aka bi da almakashi aka datse rarar. Ya ɗauko wani ya juya: kowane fure a zaune shi kaɗai, bayan a share, ba yanka ba saƙale. Wannan shi ne kadhua, fure ɗaya-ɗaya ake saƙa shi da hannu, sari guda yakan ci makonni, wani ma watanni. Ya faɗi kuɗinsa na yi salati. Ban saya ba, amma na ji daɗin ganinsa. Abin da ya sa na amince da mutumin shi ne da na tambayi zarin lehengar da na zaɓa, kai tsaye ya ce ba na azurfa ba ne, na jan ƙarfe ne, silikin ne dai na gaske. Da ya ce min zinare ne tsantsa a wannan farashin, da na kashe wayata.

Lehengar ta tsaya a rupi 21,000, sarina mai ruwan ganye a 9,500. Na sa aka ƙara mita biyu na yadin riga mai launi ɗaya da kowanne, da mayafi na biyu mara shara-shara don rufe kai, saboda nasu na ado ne, ana ganin gashi ta ciki. Wani abu da na lura, farashin da shafin yake nuna min da dala ya ɗara wanda 'yar yayata take gani da rupi daga can. Na yi magana, suka ce na waje daban ne saboda cajin kati da takardun fitarwa. Na ɗan taya, aka rage min wani abu, ba yawa. Bakano dai ko a intanet sai ya taya.

Yaron ya ce in na tura kuɗin kai tsaye asusunsa zai ƙara rage min. Na ce a'a, ta shafin zan biya, in samu rasit da lambar oda. Bai ji haushi ba.

Suka tambaya ko su ɗinka. Nan na yi dogon tunani. Sun turo takardar awo mai gurabe sun fi goma sha biyar, duk da inci: ƙirji, ƙasan ƙirji, kafaɗa, zagayen hammata, zurfin wuya gaba da baya, tsawon siket daga cibiya zuwa ƙasa tare da takalmin da za a sa. Amma a ƙasan takardar an rubuta cewa duk abin da aka ɗinka da awon mutum ba ya dawowa. Kuma na san amarya, awon Oktoba ba shi ne na Disamba ba, ga gyaran jiki ga zirga-zirga. Na ce su bar siket ɗin a buɗe, riguna kuma telanmu zai yi. Abu ɗaya na ce su yi wa sarina, shi ne abin da suke kira fall da pico. Na farko wani siririn shafi ne na auduga, faɗinsa kamar inci biyar, da ake ɗinkawa a cikin bakin sari ta ƙasa don ya ba shi nauyi ya kuma kare shi daga taku. Na biyu kalmasa ce ta bakin yadi don kar ya zare. Telolinmu ba su saba da shi ba, su kuwa aikin yini ɗaya ne. Na haɗa da siket ɗin ciki mai zariya, wanda in babu shi sari ba ya ɗauruwa.

Sai kuɗin jirgi ya zo, ya fi abin da na yi zato nesa. Na tambayi dalili, kaya kilo huɗu da rabi. Yaron ya ce ba nauyi kaɗai ake aunawa ba, har da girman kwali. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita a raba da 5,000, duk wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli shi za a caja. Kwalina 50 ne da 40 da 25, ya tashi kilo goma. Abin da ya kumbura shi wata raga ce mai tauri da suke sakawa a ƙarƙashin siket don ya buɗe kamar lema. Na ce a cire ta, muna da irinta a Kwari, masu ɗinkin rigunan amare suna amfani da ita kullum. Kwalin ya dawo tsayin santimita 12, aka caje ni kilo biyar. Da ban tambaya ba da na biya kuɗin jirgin iska.

Wajen cike adireshi, lambar gidan waya tasu shida ce, tamu ma shida, wannan bai ba ni wahala ba. Na dai tabbatar lambar wayata daidai take har sau uku, don a unguwarmu da kwatance ake gane gida, ba da lamba ba.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne Diwali. Na biya kuɗi ana saura kwana huɗu Oktoba ya ƙare, ashe babban bikinsu na fitilu a ƙarshen watan ya faɗo a wannan shekarar. Mai yin kalmasa ya tafi ƙauyensu, masu ɗaukar kaya sun yi hutu, komai ya tsaya kamar Kano ranar hawan Daushe. Kwana tara ba motsi. Auta kullum sai ta kira, "Yaya, ko dai an sake?" Ni ma cikina ya ɗuri ruwa, amma ba na nuna mata. A rana ta goma aka turo min bidiyon ana naɗe kayan a farin ƙyalle ana rufe kwali, da lambar bibiya.

Daga nan sai kallon waya. Delhi, sai wata tasha a hanya, sai Legas. A Legas ya kwana huɗu, aka turo min takardar kuɗin fito, na biya. Wannan kuɗin ba ya cikin abin da shago ya caja, duk mai yin oda ya ware shi tun farko. Ranar 19 ga Nuwamba kwalin ya shigo gidana.

Wannan karon na kafa waya a kan kujera tana ɗauka kafin in taɓa almakashi. Na nuna kowane gefe na kwalin, na yanka, na ɗaga farin ƙyallen. Auta ta kasa magana. Launin ya ɗan fi na bidiyo duhu, amma duhun ya ƙara masa kyau. Zarin ba ya ƙyalli irin mai kashe ido, wani haske yake yi a hankali in yadin ya motsa. Tambarin yana rataye da lambarsa. Aibu ɗaya na samu, a mayafin akwai wurin da zare ya ɗan tashi, tsawon ɗan yatsa. Na tura musu hoto, suka ce saƙar hannu ba ta rasa irin wannan. Ko gaskiya ne ko hanyar kare kai, ban ja ba, don sai an nema ake gani.

Hajiya ba ta yarda da tambari ba. Ta sa aka zaro mata zare biyu daga bakin yadin rigar, ta kunna ashana. Zaren ya ci wuta a hankali, ya mutu da kansa, ya bar baƙin toka da ta murje da yatsa ya zama gari, ɗakin ya ɗauki ƙaurin gashi. Ta ce a kawo na farkon. Shi kuwa ya narke ya dunƙule kamar an ƙona leda, har ya manne mata a farce. Ta goge hannunta ta ce, "To, wannan alharini ne." Ta ce haka iyayensu suke gwada zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi.

Telanmu, wanda ya shekara ashirin yana mana ɗinki, ya juya siket ɗin ciki da waje yana ƙirga sassansa, goma sha shida. Ya ce, "Hajiya, wannan ba zan sa masa almakashi ba sai amarya na tsaye a gabana." Ya yi mata riga mai dogon hannu da ta sauko har ƙugu, ya yanko bakin zarin da ya ragu ya bi wuya da hannu da shi, ya sa ragar Kwari a ƙasa. Awo biyu aka yi, na biyun saura kwana shida biki, kuma sai da ya rage inci ɗaya da rabi a ƙugu.

Nawa sarin ne ya ba ni kashi. Mita biyar da rabi ne, wato yadi shida, daidai da turmin atamfa, amma ba ɗinki ko ɗaya, duk a jiki ake naɗa shi. Na kalli bidiyon koyarwa ya fi sau ashirin. A soke baki a siket ɗin ciki a zagayo, a yi tattara bakwai da yatsu a soke a gaban cibiya, sauran a ɗora a kafaɗa. A hannunsu kamar wasa. A nawa, in na kama tattarar gaba sai ta baya ta zame, silikin kuma sabo ne yana da tauri, sai ya tsaya min kamar buhu. 'Yar yayata ta ce in bar salon 'yan fim, in yi irin na matan Gujarat, inda ake zagayo da bakin mai ado ta baya a sauko da shi ta kafaɗar dama ya rufe ƙirji, in ana so a ja shi a rufe kai. Shi ya fi dacewa da mu. Ranar kamu ta kira ta bidiyo tun daga ɗakin kwananta, tana ba da umarni, maƙwabciyata tana soka fil. Fil goma sha ɗaya na ƙirga da daddare da nake cirewa.

Da aka fito da Auta, wata ƙanwar mahaifin ango ta matso ta kama bakin siket ɗin ta murza tsakanin yatsunta, irin murzar matan da suka san kaya. Ta juya bayan yadin ta duba. Sannan ta tambayi ta kusa da ita wace ce yayar amarya, a ba ta lambata.

Na farkon kuwa yana nan bai tashi a banza ba. Telan ya fitar wa 'yan matana biyu rigunan Sallah a ciki, ya sa musu shafi mai kauri saboda kaushin ragar. Har yau in na yi shara ina tsintar duwatsunsa a ƙarƙashin kujera.